Abin Da Takarda Ba Ta Faɗa Ba: Tarihin Kiɗan Barok Da Masu Neman Asalinsa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a daren Talata ko na Laraba, lokacin gasar zakarun ƙungiyoyin Turai, ya san kiɗan nan da ake sakawa sa'ad da 'yan wasa suka yi sahu a fili. Da zarar goge ya fara hawa a hankali, tun kafin mawaƙa su buɗe baki, sai ka ga samari sun gyara zama, domin sun gane taken. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa tushen wannan take ya kusa shekara 300 a duniya. Wani Bature mai suna Tony Britten ne ya tsara shi a 1992, amma ya ɗora shi ne a kan wani kiɗa mai suna Zadok the Priest, wanda George Frideric Handel ya yi domin naɗin Sarki George na Biyu a Landan a 1727. Tun daga wannan shekara ba a sake naɗa sarki ko sarauniya a Ingila ba tare da an yi shi ba, har zuwa naɗin Sarki Charles na Uku a 2023.

Gane abu daga takensa ba baƙon al'amari ba ne a wurinmu. Mutumin da ya tashi kusa da fada, daga ɗakinsa zai ji algaita ko tambari ya faɗi wanda ake yi wa. Masu sha'awar tsohon kiɗan Turai su ma suna da irin wannan gwaji: a saka musu guntun faifai na rabin minti, a ce su faɗi zamanin da aka yi shi, da ƙasar, da wanda ya tsara shi. Wannan maƙala za ta bi tarihin kiɗan zamanin da ake kira Barok, ta nuna yadda ake gane shi, da yadda Turawa suka mance da hanyar kaɗa shi duk da cewa yana nan a rubuce, da irin wahalar da suka sha wajen nemo ta. Mun zaɓi batun ne saboda ya shafi duk mai riƙe alƙalami, domin tambayar da ke cikinsa ita ce: me takarda ke iya riƙewa, me kuma ke zubewa?

Mene ne Barok?

Masana tarihin kiɗa sun ba da wannan suna ga zamanin da ya kama daga wajen 1600 zuwa 1750. Akasarinsu na ganin kalmar ta fito ne daga harshen Fotugal, inda take nufin lu'ulu'un da ya fito a karkace, kuma da farko zagi ce, wato abu mai ado fiye da kima. Mutanen zamanin ba su san kansu da wannan suna ba, na baya ne suka laƙa musu. A farkon zamanin akwai Claudio Monteverdi, wanda ya yi wasan kwaikwayo na waƙa mai suna L'Orfeo a garin Mantua na Italiya a 1607. A ƙarshensa akwai mutuwar Johann Sebastian Bach a Leipzig ta Jamus a 1750. A tsakani akwai Lully da Couperin a Faransa, da Purcell a Ingila, da Corelli da Vivaldi a Italiya, da kuma Handel, wanda aka haifa a Jamus a 1685, shekara ɗaya da Bach, amma ya yi rayuwarsa a Landan har ya mutu a 1759.

Waɗannan mutane ma'aikata ne, kamar makaɗan fada. Wasu na cin abinci a gidan sarauta, wasu a coci, wasu a majalisar gari. Ana buƙatar sabon kiɗa kusan kowane mako, saboda haka suna rubutu da sauri, kuma suna rubuta wa makaɗan da suka sani ne, waɗanda sau da yawa almajiransu ne ko abokan aikinsu. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Alamomin da kunne ke kamawa

Alama ta farko tana can ƙasa. A kusan duk kiɗan Barok akwai wata kakkaurar murya da ke tafiya ba tsayawa, kamar harsashin gini. Babban goge mai suna selo ne ke ɗauke da ita, tare da wani abin kiɗa mai suna hafsikod. Shi hafsikod ya yi kama da fiyano a ido, amma idan an danna shi tsinke ne na gashin tsuntsu ke tsakurar tsirkiya, ba guduma ce ke dukanta ba. Saboda haka sautinsa siriri ne mai ƙyalli, kuma ko an danna da ƙarfi ko a hankali kusan ɗaya yake fita. In ka ji wannan tsakura a bayan goge, to da wuya a ce kiɗan ya wuce ƙarni na 18.

Alama ta biyu ita ce tsarin jagora da amshi. A irin kiɗan da ake kira konshato, wanda Antonio Vivaldi ya yi kimanin 500, dukan makaɗa kan buɗe da wani kari, sai makaɗi guda ya fito ya nuna gwaninta, sai jama'a su dawo da karin farko, haka har a gama. Wanda ya saba da mawaƙi da 'yan amshinsa ba zai sha wahalar bin wannan ba. Sanannen misali shi ne kiɗansa na lokutan shekara huɗu, wanda aka buga a Amsterdam a 1725.

Alama ta uku ita ce kore-koren muryoyi, abin da ake kira fuga. Murya ɗaya za ta fara ita kaɗai da gajeren kari, kafin ta gama sai ta biyu ta shigo da wannan karin daga sama ko daga ƙasa, sai ta uku, sai ta huɗu, kowace na bin hanyarta ba tare da sun yi karo ba. A nan ba a kai Bach ba. Akwai kuma tsarin da kakkaurar murya ke maimaita abu guda tun daga farko har ƙarshe, na sama suna ta sauya ado. A sanannen kiɗan nan na Johann Pachelbel, sauti 8 ne kacal ake maimaitawa a ƙasa har sau 28, goge uku na bin juna a sama.

Ƙasa ma tana da nata tambarin. In kiɗa ya buɗe da tafiyar ƙasaita, dogon sauti na bin gajere kamar takun doki a hawan salla, sa'an nan ya juye da gudu, to wannan salon Faransa ne wanda Lully ya kafa a fadar Sarki Louis na 14. To amma a nan ne mai gwaji kan fāɗi, domin salo na ƙetare iyaka. Handel Bajamushe ne, yana zaune a Ingila, amma da wannan salon Faransa ya buɗe babban aikinsa Messiah. Bach kuwa ya zauna ya kwafi kiɗan Vivaldi da hannunsa, ya mai da shi na ogan da hafsikod, domin ya koyi hanyar Italiya.

Abin da ba a rubuta ba

Idan aka ɗauko takardar kiɗa ta wancan zamani, abin mamaki shi ne yawan abin da babu a cikinta. Mai kaɗa hafsikod layin hannun hagu kawai ake rubuta masa, da 'yan lambobi a ƙasa ko a sama, shi zai ƙirƙiri abin da hannun dama zai yi nan take. A waƙoƙin wasan kwaikwayo, mawaƙi kan rera kashi na farko da na biyu, sa'an nan ya koma na farko, kuma abin kunya ne ya maimaita shi yadda yake a rubuce, dole ya yi masa kwalliya daga kansa. A 1710 wani mai buga littattafai a Amsterdam, Estienne Roger, ya sake fito da kiɗan goge na Corelli wanda aka fara bugawa a Rum a 1700, ya ƙara layi na biyu da ya ce haka Corelli da kansa ke kaɗa shi. Inda takardar asali ke da sauti biyu ko uku, layin na biyu na da gomiya.

Misalin da ya fi kowanne fitowa fili yana cikin konshato shida da Bach ya aika wa wani basarake na Brandenburg a 1721. A na ukunsu, tsakanin kashi na farko da na ƙarshe, inda aka saba samun dogon kiɗa mai sanyi, dunƙulen sauti biyu kawai Bach ya rubuta. Har yau makaɗa na gardama a kan abin da yake nufi. Wasu na kaɗa biyun su wuce, wasu na barin mai goge ko mai hafsikod ya cike gurbin da abin da ya zo masa.

Ko abin da aka rubuta ma ba lallai a kaɗa shi yadda ido ya gani ba. François Couperin, a littafinsa na koyar da hafsikod na 1716, ya amsa da bakinsa cewa Faransawa na rubuta abu daban su kaɗa daban, shi ya sa baƙi ba su iya kiɗansu. Za a rubuta sautuka a jere masu tsawo ɗaya, amma makaɗin Faransa ya san zai ja na farko ya gajarta na biyu. Gudun kiɗa ma haka. Na'urar auna gudu ba ta samu ba sai 1815. Kafin nan Johann Joachim Quantz, malamin sarewa na Sarki Frederick na Farusiya, ya ba da shawara a littafinsa na 1752 cewa a auna da bugun jijiyar mai lafiya, kimanin 80 a minti.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, domin haka rubutunmu na boko yake. Ba mu nuna karin sauti, ba mu nuna tsawon wasali. Muna rubuta gari, mu bar mai karatu ya gane ko na zama ne ko na tuwo. Bahaushe ba ya tuntuɓe, saboda abin da takarda ta bari yana cikin kunnensa. To a ɗauka an wayi gari babu sauran mai jin Hausa, sai littattafai kawai. Yaya za a karanta su? Abin da ya sami kiɗan Barok ke nan.

Yadda silsila ta yanke

Bayan 1750 ɗanɗanon mutane ya sauya. Aka koma ga kiɗa mai sauƙin bi, irin na Haydn da Mozart, aka ɗauki na iyaye a matsayin tsohon yayi. Vivaldi ya mutu cikin talauci a Biyana a 1741, kuma sunansa ya kusa ɓacewa baki ɗaya. Bach bai ɓace sarai ba, domin masu koyon fiyano sun ci gaba da karanta darussansa, Beethoven ma da su ya tashi, amma manyan ayyukansa na mawaƙa sun kwanta a akwati.

Kayan kiɗan su ma aka sake musu ƙira. Fiyano, wanda Bartolomeo Cristofori ya ƙago a Florence wajen 1700, ya kori hafsikod kafin ƙarshen ƙarnin. A shekarun 1780 François Tourte ya fito da sabon bakan goge a Faris, mai tsawo da nauyi, wanda ke jan sauti ɗaya dogo ba yankewa, alhali tsohon baka gajere ne mai sa kowane sauti ya fito da kansa kamar gaɓar kalma. Aka tsawaita wuyan goge, aka ƙara ɗaure tsirkiya, daga baya kuma ta ƙarfe ta maye gurbin ta hanjin tumaki. Aka sa wa kakakin Turawa maɓallai. Theobald Boehm ya fito da sarewar ƙarfe a 1847, ta ture ta itace. Haka obo, 'yar'uwar algaitarmu, ta sami tarin maɓallan da ba ta da su a da. Cikin shekara 100 sai ya zamana babu makaɗin da ya ji yadda malamin malaminsa ke kaɗawa.

Farfaɗowa cikin rigar aro

Ranar 11 ga Maris, 1829, wani saurayi ɗan shekara 20, Felix Mendelssohn, ya jagoranci babban aikin Bach da aka gina kan Linjilar Matta, a birnin Barlin.  Jama'a suka girgiza, kuma daga nan sunan Bach ya sake tashi. A 1850 aka kafa ƙungiya domin buga dukan ayyukansa, aikin da ya ci shekara 50. Sai dai abin da mutanen Barlin suka ji ba shi ne abin da mutanen Leipzig suka ji a 1727 ba. Mendelssohn ya yanke babban kaso na aikin, ya sauya wasu kayan busa da babu su a lokacinsa, ya yi amfani da fiyano, kuma mawaƙansa sun haura 100. Shi kuwa Bach, a wata takardar koke da ya rubuta wa majalisar Leipzig a 1730, abin da ya roƙa shi ne a ba shi aƙalla mawaƙa 12 a kowace ƙungiya, in da hali 16, da makaɗa 18 zuwa 20.

A Ingila abin ya fi haka. Sa'ad da aka fara yin Messiah a Dublin ranar 13 ga Afrilu, 1742, mawaƙan amshi kimanin 30 ne. A bikin tunawa da Handel na 1784 a Westminster, makaɗa da mawaƙa sun haura 500. A 1859, a katafaren zauren gilashi na Crystal Palace, mawaƙa 2,765 ne suka tsaya tare da makaɗa 460. Taro irin wannan ba ya iya gudu, kamar yadda ayari ba ya sauri. Dole aka rage gudun kiɗan, aka yi masa nauyi, har mutane suka ɗauka cewa haka Handel yake, mai jan ƙafa da tsawa. Marubucin nan George Bernard Shaw, wanda ya yi aikin sharhin kiɗa a jaridun Landan, ya yi ta kukan cewa yana so kafin ya mutu ya ji Messiah daga bakin ƙwararrun mawaƙa 'yan kaɗan a ƙaramin zaure.

Kura da fatar akuya

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Da yake kunnen jama'a ya saba da Barok na aro, sai ya kasa rarrabe na gaske da na jabu. Fritz Kreisler, shahararren mai goge ɗan ƙasar Ostiriya, ya yi shekaru kusan 30 yana kaɗa wasu gajerun kiɗe-kiɗe da ya ce ya tsinto a wani gidan ibada a kudancin Faransa, yana jingina su ga Vivaldi da Tartini da Louis Couperin da wasunsu. Masu sharhi suka yi ta yabon hikimar magabata. A 1935, da wani mai sharhi na jaridar New York Times, Olin Downes, ya nemi ganin takardun asali, sai Kreisler ya amsa cewa shi ya tsara su. Wasu masana suka fusata. Amsarsa ita ce suna ne kawai ya sauya, daɗin kiɗan na nan yadda yake. Yau ɗalibin da ya saurari Vivaldi na 'yan watanni zai ji cewa waɗannan kiɗe-kiɗe ƙamshin Biyana ta 1900 suke yi. A wancan lokaci kuwa babu abin da za a gwada su da shi, domin tarin takardun Vivaldi na hannu ba su fito fili ba sai 1926, lokacin da aka gano wani kaso nasu a wata makarantar 'yan mishan a yankin Piedmont, ɗakin karatu na Turin ya mallake su a 1927 da 1930.

Na biyu ya fi wannan shahara. A 1958 wani masani ɗan Italiya, Remo Giazotto, ya buga wani kiɗa mai sanyi da ban tausayi na goge da ogan, ya ce ya gina shi ne daga guntuwar takardar Tomaso Albinoni, mutumin Benis da ya mutu a 1751, wadda ta fito daga ɗakin karatu na Dresden bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har Giazotto ya mutu a 1998 bai taɓa fito da takardar fili ba, kuma masana a yau na lissafa kiɗan a matsayin nasa. Duk da haka, in ka tambayi mutum goma a Turai abin da suka sani na Albinoni, wannan kiɗan da bai yi ba shi za su ambata.

Wani lokaci kuma ba zamba ba ce, kuskure ne na masu kwafi da masu bugawa. Ɗan gajeren kiɗan rawa da kusan kowane yaro mai koyon fiyano ke farawa da shi, wanda ke cikin littafin da Bach ya buɗe wa matarsa Anna Magdalena a 1725, an daɗe ana cewa na Bach ne, sai a shekarun 1970 aka tabbatar na Christian Petzold ne, wani mai kaɗa ogan a Dresden. Sanannen taken kakaki da ake yi a bukukuwan aure a Ingila an jingina shi ga Purcell har zuwa shekarun 1940, alhali na Jeremiah Clarke ne. Babban suna kan haɗiye ƙarami, kamar yadda a nan ma kowace tsohuwar waƙar wa'azi da aka rasa mai ita akan ce ta wani babban malami ce.

Masu haƙar tsohuwar rijiya

Mutumin da ya fara cewa a koma tushe shi ne Arnold Dolmetsch, wanda aka haifa a Faransa a 1858, ya zauna a Ingila. Ya riƙa gyara tsofaffin kayan kiɗa yana ƙera sababbi irinsu, ya karanta littattafan Couperin da Quantz da sauransu, ya tattara abin da ya samu a littafinsa na 1915, sa'an nan ya kafa bikin shekara-shekara a garin Haslemere a 1925. Mutanen zamaninsa da yawa sun ɗauke shi mai taɓin hankali. Wanda Landowska, 'yar ƙasar Folan, ita ta mai da hafsikod dandali, kuma a 1933 ta ɗauki Goldberg Variations na Bach a faifai. Sai dai hafsikod ɗinta, wanda kamfanin Pleyel ya ƙera mata, ƙato ne mai ƙirar fiyano, Bach da ya gan shi da bai gane shi ba. A wannan shekara ta 1933 aka buɗe makaranta a Basel ta Suwizalan domin nazarin tsohon kiɗa kawai.

Babban sauyi ya zo bayan yaƙi. Nikolaus Harnoncourt, mai kaɗa selo a wata babbar ƙungiyar Biyana, shi da matarsa Alice suka kafa ƙungiyar Concentus Musicus a 1953. Shekara huɗu suka yi suna gwaji da tsofaffin kaya kafin su yarda su fito gaban jama'a a 1957. Daga 1971, shi da Gustav Leonhardt na Holan suka shiga ɗaukar waƙoƙin coci na Bach kusan 200 a faifai, aikin da ya ci kusan shekara 20. A Ingila Christopher Hogwood ya kafa tasa ƙungiyar a 1973. Abin da suka gano shi ne kayan kiɗan da kansu malamai ne. Gajeren baka da tsirkiyar hanji ba su yarda da dogon ja, suna tilasta wa makaɗi ya rarraba sauti kamar mai magana. Harnoncourt ya rubuta littafi a 1982 a kan wannan, cewa mutanen Barok sun ɗauki kiɗa a matsayin zance, mai waƙafi da aya da tambaya. Sun kuma rage karkarwar yatsa a kan tsirkiya, wadda Leopold Mozart tun a 1756 ya yi wa masu yawaita ta ba'a, ya kwatanta su da masu ciwon makyarkyata. Har ma'aunin ɗaurin tsirkiya suka sauke. An daidaita a Landan a 1939 cewa sautin da ake kira A ya zama girgiza 440 a daƙiƙa, su kuwa suka koma 415, wanda ya fi kusa da abin da wasu garuruwan Jamus ke amfani da shi a da.

A gefe guda masu binciken takardu na nasu aikin. A shekarun 1950 Alfred Dürr da Georg von Dadelsen suka bi tambarin da ke cikin jikin takarda da hannun masu kwafi, suka nuna cewa akasarin waƙoƙin cocin da Bach ya yi a Leipzig ya yi su ne a 'yan shekarunsa na farko a can, daga 1723, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa. Irin wannan aiki bai ƙare ba. A Nuwamban 2025 aka ba da sanarwa a Leipzig cewa wasu kiɗe-kiɗen ogan biyu marasa suna, waɗanda Peter Wollny ya ci karo da su a ɗakin karatu na Brussels tun 1992, na Bach ne yana saurayi. Kunnensa ya daɗe da ba shi wannan zato, amma bai furta ba sai da ya gano hannun wanda ya kwafe su, bayan fiye da shekara 30.

Shin an kai ga asalin?

A nan ma ba a rasa gardama ba. A 1981 Joshua Rifkin ya kawo hujja cewa mawaƙi ɗaya ne ke riƙe kowace murya a yawancin ayyukan Bach, wato mutum huɗu ke nan maimakon 12, kuma har yau ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Richard Taruskin, wani masani Ba'amurke, ya kai suka mafi zafi a littafinsa na 1995. A ganinsa wannan salo mai sauri da tsabta, marar yawan shauƙi, ɗanɗanon ƙarni na 20 ne aka sa wa tsohuwar riga, kuma ba a karɓe shi don Bach ya so haka ba sai don mutanen yanzu sun so haka. Mu a namu ganin yana da gaskiya rabi. Babu faifan 1727, babu wanda zai rantse cewa ga yadda aka yi. Amma wanda ya karanta Quantz ya riƙe tsohon baka ya fi kusa da gida bisa ga wanda ya tara mawaƙa 2,765. Shi ya sa makaɗan yau suka daina cewa suna yin kiɗa na asali, suka koma cewa suna yin kiɗa ne bisa sanin tarihi.

Mai son ya gwada da kunnensa ya nemi Messiah na Thomas Beecham na 1959, wanda aka ƙara wa kuge da manyan kayan busa, ya saurari minti biyu na farko, sa'an nan ya saka na Hogwood na 1980. Takarda ɗaya ce, shekara 21 ce kawai a tsakani, amma sai ya rantse mutum biyu ne suka tsara su.

Kammalawa

Turawa sun yi sakaci na shekara 100, suka biya da aikin wata shekara 100, kuma duk da haka abin da suka samu kintace ne mai hujja. Su ba su da na'urar ɗaukar murya a 1750. Mu muna da ita a aljihu. Rubutattun waƙoƙinmu na ajami, tun daga na ƙarni na 19 irin na Nana Asma'u har zuwa Imfiraji na Aliyu Namangi, don rerawa aka yi su, kuma karin rerawar ba ya cikin takarda, yana bakin tsofaffi mata da makafi da almajirai waɗanda ke raguwa kowace shekara. Ɗan ƙungiyar da ya san mai rera irin waɗannan waƙoƙi a unguwarsu, ya je ya ɗauki muryarsa da izininsa, ya rubuta sunansa da garinsu da ranar, da sunan wanda ya koya masa. In kuma ya kwafi waƙar da bai san mai ita ba, ya rubuta cewa ba a san mai ita ba, kada ya jingina ta ga wani babba don ta yi farin jini. Allah ya sa mu dace, amin.